WA ZAI YI WA YARA JARRABAWAR NEMAN TAIMAKON KUƊIN MAKARANTA?

 Tun bayan kaka sakatarorin ƙungiyoyi uku sun yi mini tambaya iri ɗaya, biyu a takarda, ɗaya kuwa ya tare ni a bakin kasuwa. Ƙungiyoyinsu sun fara ware 'yan buhuna daga ribar shekara domin su taimaki 'ya'yan mambobi da kuɗin makarantar sakandare. Abin kirki ne ƙwarai. Sai dai kuɗin ba ya isar kowa. A wata ƙungiya yara 15 suka nema, abin da ke cikin asusu kuwa na mutum 3 ne. An yarda a yi wa yaran jarrabawa. To, wa zai rubuta tambayoyin? Wa zai tsare yaran a ɗaki? Wa zai ba da maki?

Amsata a taƙaice ita ce, kada ya zama ɗaya daga cikinku. Amma na sani gajeriyar amsa ba ta kashe gardama a taron ƙungiya, saboda haka zan yi bayani sosai yadda sakatare zai iya karanta wa jama'a.

Bari in fara da abin da na gani da idona. A shekara ta biyu bayan na bar aikin koyarwa na shiga aikin gona, akwai wata ƙungiya da na ke ziyarta kowane wata. Suka yi shawarar irin wannan taimako, suka ce wa hedimastan firamare na garin, wanda shi ma mamba ne, ya shirya jarrabawa. Mutum ne mai gaskiya, na san shi tun muna makarantar horon malamai. Ya rubuta tambayoyi, ya tsare yara, ya duba takardu a gidansa da fitila. Da sakamako ya fito, 'yar wansa ce ta zo ta ɗaya, ɗan ma'aji ya zo na biyu. Daga baya ya kawo mini takardun duka ya ce, "Malam, don Allah ka duba." Na duba ɗaya bayan ɗaya, ban sami inda ya ƙara wa wani maki ko ya rage ba. Amma wa zai ji wannan? Wata gwauruwa wadda ɗanta ya zo na huɗu ta ce a ba ta kuɗinta na hannun jari, ta fita. Da lokacin sayen taki ya yi, gidaje da dama suka ƙi kawo nasu kason, ba a iya cika mota ba, kowa ya je ya sayo nasa da tsada a kasuwa. Hedimasta kuwa ya daina zuwa taro. Ba a saci ko kwabo ba, amma ƙungiyar ta yi shekara biyu tana ɗingishi.

Akwai kuma wani abu da na lura da shi a takardun nan, wanda shi kansa bai lura ba. Tambayoyin lissafinsa irin waɗanda ya saba ba 'yan ajinsa ne a allo, har da sunayen da ya ke sawa a cikin misalai. Yaran da suka zo daga ƙaramar makarantar ƙetaren rafi ba su taɓa ganin tambaya mai wannan fasali ba. Bai yi nufin cutar kowa ba. Malami dai yakan tambayi abin da ya koyar, yadda ya koyar da shi, kamar yadda mai noma yakan bi kunyar da ya saba.

Kun san yadda a ke yi a kasuwar hatsi. Mai dawa ba ya auna wa kansa, mai saye kuma ba a ba shi mudu. Akwai mai awo a tsakani, wanda ba nasa ba ne hatsin, ba nasa ba ne kuɗin, ladansa ɗaya ne ko ciniki ya yi wa wannan daɗi ko ya yi wa wancan. Ba don an ɗauki mai dawa ɓarawo ba ne a ke yin haka. Don kowa ya tashi da zuciya ɗaya ne. A sha'anin taimakon makaranta akwai hannu uku: hannun da ke ba da kuɗi, hannun da ya koyar da yaro, da hannun da ke gwada shi. Sa'ad da biyu daga cikinsu suka zama na mutum ɗaya, ko na gida ɗaya, to, an ba mai dawa mudu.

YADDA WASU SUKA YI

Wannan wahala ba a kanmu ta fara ba. Wajen shekara 1,000 da suka wuce, zamanin sarautar gidan Song a ƙasar Sin, ana zaɓen ma'aikatan sarki ta hanyar jarrabawa. Da suka ga masu dubawa suna fifita 'ya'yan abokansu, sai suka fara rufe sunan mai rubutu a kan takarda. Da suka ga har yanzu ana gane mutum ta rubutun hannunsa, sai suka sa magatakarda su kwafe kowace amsa da nasu hannu kafin ta kai gaban mai dubawa. Lambar da a ke ba yaro maimakon suna a jarrabawar yau jikanyar wannan dabara ce.

Amma misalin da ya fi kusa da tambayarmu daga Amurka ya ke, gama a can batun kuɗin taimako ne ya ɗaga irin wannan jarrabawa. A 1933 wani masanin kimiyya mai suna James Conant ya zama shugaban jami'ar Harvard. A lokacin galibin ɗalibanta 'ya'yan masu hali ne daga makarantun kuɗi na gabashin ƙasar. Conant ya so ya kafa sukolashif domin yara masu ƙwazo daga jihohin tsakiyar ƙasar, inda noma ya fi yawa, inda kuma jami'ar ba ta san makarantun ba, ba ta san malamansu ba. Yaya za ta gwada yaron da ba ta taɓa gani ba da wani yaro daga wata jiha? Takardar shaida daga hedimasta ba ta isa ba, domin kowane hedimasta nasa ya ke yabo. Sai ya sa ma'aikatansa biyu, Henry Chauncey da Wilbur Bender, su nemo jarrabawar da za ta dace. Suka zaɓi wadda a ke kira SAT, wadda wata hukuma dabam mai suna College Board ta fara yi a 1926. Daga 1934 aka fara zaɓen masu cin sukolashif ɗin da taimakon wannan jarrabawa. Ɗaya daga cikin yaran farko-farko da suka shiga ta wannan ƙofa shi ne James Tobin daga jihar Illinois, wanda ya shiga a 1935, ya kuma sami lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki a 1981. A 1947 aka kafa wata hukuma mai suna ETS wadda ba ta da aiki sai shirya jarrabawa da dubawa, Chauncey ɗin nan ya zama shugabanta na farko.

Daga nan abin ya faɗaɗa. A 1955 aka kafa ƙungiyar National Merit a garin Evanston na jihar Illinois, da kuɗin gidauniyar Ford da ta Carnegie, ba da kuɗin gwamnati ba. Aikinta shi ne ta nemo yara masu ƙwazo a dukan ƙasar ta taimake su shiga jami'a. Ku lura da yadda suka raba aikin. Ƙungiyar da ke riƙe da kuɗin ba ita ke rubuta tambayoyi ba. Tun 1971 jarrabawar da a ke amfani da ita ita ce ta College Board mai suna PSAT, wadda yara kan ɗauka a watan Oktoba a makarantunsu, shekara guda kafin ajin ƙarshe. Makaranta tana ba da ɗaki da masu tsaro ne kawai, ba ta ba da maki. Yara fiye da miliyan 1 kan shiga kowace shekara. A cikinsu akan ware wajen 50,000 da suka fi maki, sa'an nan a tace wajen 16,000 su wuce gaba, a ƙarshe wajen 7,000 su sami sukolashif. Wanda ƙungiyar ke bayarwa daga asusunta dala 2,500 ne, sau ɗaya.

Ga wurin da na ke so ma'aji da shugaba su kasa kunne. Kamfanoni da dama a can suna so su taimaki 'ya'yan ma'aikatansu, daidai kamar yadda ku ke so ku taimaki 'ya'yan mambobinku. Kamfanin yakan ba da kuɗi, ya faɗi sharaɗinsa, watau yaro ya zama ɗan ma'aikacinsa. Amma ma'aikatan National Merit ne ke zaɓen wanda ya ci. Manajan kamfani ba ya cikin ɗakin. In ɗan manaja ya ci, ba mai cewa ubansa ne ya ba shi. In ɗan mai gadi ya ci, ba mai iya ƙwace masa. In kamfanin da ke da dubban ma'aikata ya ga ba zai iya auna wa kansa ba, balle ƙungiyar da rabin mambobinta surukan juna ne.

A gida Nijeriya ma mun bi wannan hanya, ko da ya ke ba kullum mu ke tuna dalilin ba. An kafa hukumar WAEC a 1952 domin ta riƙa shirya jarrabawar gama sakandare. Kafin 1978 kowace jami'a ita ke shirya tata jarrabawar shiga. Yaro mai hali yakan bi jami'o'i uku ko huɗu, ya ci gurbi a biyu, wani kuwa ya rasa ko ɗaya. A 1978 gwamnati ta kafa JAMB domin jarrabawa ta zama ɗaya. A 1999 aka kafa NECO mai hedkwata a Minna, ita ce ke shirya jarrabawar shiga kwalejojin gwamnatin tarayya, har da ta makarantar yara masu hazaƙa da ke Suleja. Waɗanda ke ba da sukolashif na jami'a a ƙasar nan, gwamnati ko kamfani, galibi sukan nemi sakamakon waɗannan hukumomi, domin ba su da wani mudun da kowa ya yarda da shi in ba shi ba.

Abin da ya faru a 2023 ya nuna amfanin wannan, ya kuma nuna inda mai ba da kuɗi kan yi tuntuɓe. Wata ɗaliba a jihar Anambra ta nuna takardar sakamakon JAMB mai maki 362 daga cikin 400. Labari ya bazu cewa ita ta fi kowa a ƙasar a wannan shekara, wani kamfanin haɗa motoci ya ba ta sukolashif na naira miliyan 3. Sai JAMB ta ce abin da ke cikin littafinta 249 ne. Ƙasa ta rabu biyu, wasu suna cewa hukuma ce ke zaluntar 'yar talaka. Gwamnatin jihar ta kafa kwamitin bincike, a gabansa yarinyar ta amsa cewa ita ta canza makin. Kamfanin ya janye kuɗinsa. Ban kawo wannan domin a jefi yarinya ba, yarinya ce, kuma kowa ya san irin nauyin da mu ke ɗora wa yara a kan maki. Kuskuren manya na ke nunawa. Mai kuɗi ya karɓi takarda daga hannun mai nema, bai tambayi wanda ya yi jarrabawar ba. Gaskiya ta fito ne kawai domin akwai wata hukuma dabam da ta ajiye nata lissafi, wadda ba ta da riba ko hasara a cikin miliyan 3 ɗin. Saboda haka in ƙungiyarku za ta taimaki mai shiga jami'a, ba ku bukatar ku shirya wata jarrabawa. Ku yi amfani da ta JAMB ko WAEC ko NECO, amma sakatare da wani mamba su zauna da yaron su ga sakamakon ya fito daga wurin hukumar kanta, ta waya ko ta kwamfuta. Kada ku tsaya a kan takardar da ya zo da ita a aljihu.

ABIN DA JARRABAWA BA TA IYAWA

Kada wani ya tashi daga nan ya ce malamin gona ya ce da an kawo baƙo ya yi jarrabawa shi ke nan an gama. Mai awo ma yakan yi kuskure, wani lokaci kuma mudunsa ne ya lotsa. A 1977 takardun jarrabawar WAEC sun fita kafin ranarsu, har gwamnatin soja ta lokacin ta kafa kwamitin bincike. A 2025 wata matsala ta na'ura ta ɓata sakamakon JAMB na yara kusan 380,000 a cibiyoyi 157 da ke Legas da jihohin kudu maso gabas. Iyaye da malamai suka yi ta ƙorafi, aka bincika, shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban jama'a a watan Mayu ya amsa laifi, aka sake wa yaran jarrabawa. Abin ba daɗi, amma an iya gyarawa domin akwai rubutaccen abin da za a koma a duba. Wannan shi ya sa na ke cewa kada a ƙone takardun yara bayan an faɗi sakamako.

Akwai kuma karkatar da ba ta fito daga mugun nufi ba, irin ta abokina hedimasta, kuma manyan hukumomi ba su tsira daga gare ta ba. A Amurka an lura 'yan mata sun fi rabin masu ɗaukar PSAT, amma ba su kai rabin masu cin sukolashif ba, alhali a aji sukan fi samari sakamako mai kyau. A 1994 wata ƙungiya mai suna FairTest ta kai ƙara gaban ma'aikatar ilmi ta ƙasar. Aka yi sulhu a 1996, daga 1997 aka ƙara sashen gwada iya rubutu a cikin jarrabawar. A 2005 kuma jami'ar California ta daina sa kuɗinta a cikin shirin National Merit, domin ta ga maki na jarrabawa ɗaya ba ya isa a yanke hukunci a kan yaro, kuma 'ya'yan marasa hali kaɗan ne ke ci.

Wannan na ƙarshe shi ne babban abin da ya shafe mu. Jarrabawa tana amsa tambaya ɗaya ce tak: wa ya fi sanin abin da aka tambaya a wannan rana? Ba ta san wanda ya zo da yunwa ba. Ba ta san wanda ya yi wata biyu yana kiwo da damina bai ga aji ba, ko wadda sai ta gama ɗiban ruwa da daka kafin ta buɗe littafi. Ɗan gidan da ke da wutar sola da yayan da ya yi sakandare zai fi maraya maki sau da yawa, shi ne kuma wanda ubansa zai iya biya ko ba taimako. Sukolashif na dala 2,500 da na ambata ba ya duban halin iyaye ko kaɗan. Su sun zaɓi haka, domin ƙwazo kaɗai su ke nema. Amma ƙungiyar manoma da ta ware buhunanta ba domin ta raba kyauta ga mai ƙwazo ta yi ba, domin kada yaro mai ƙwazo ya zauna a gida ta yi.

A nan na fi son tsarin Indiya. A 2008 gwamnatin ƙasar ta fara wani shiri domin yaran da ke barin makaranta bayan aji 8 saboda talauci. Ƙofa biyu ce. Ta farko ita ce ta bukata: yaro ya kasance a makarantar gwamnati ko wadda gwamnati ke tallafa wa, kuma abin da iyayensa ke samu a shekara kada ya wuce iyakar da aka sa, wadda aka ɗaga zuwa rupi 350,000 a 2022. Wanda ya wuce wannan ƙofa shi ke zama jarrabawar da jiharsa ta shirya. An tanadi gurbi 100,000 kowace shekara, an raba wa jihohi, wanda ya ci yakan sami rupi 12,000 a shekara daga aji 9 zuwa aji 12, kuɗin kuwa kai tsaye ya ke shiga asusunsa na banki. An fara auna bukata, sa'an nan aka auna ƙwazo a tsakanin mabukata.

TO, MU YAYA ZA MU YI?

Ƙofar farko taku ce, kada ku ba baƙo. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Ku ne kuka san gidan da ambaliya ta cinye gonarsa, da gidan da aka yi rasuwa, da wanda ke kukan babu alhali rumbunsa biyu a cike. A taron dukan mambobi, tun kafin a san ranar jarrabawa, ku yanke waɗanda suka cancanci zama, sakatare ya rubuta a littafin taro, a karanta sunayen a fili. Mamban kwamiti da ɗansa ko ɗan ɗan'uwansa ke cikin masu nema ya fita waje sa'ad da a ke maganar yaron. A wannan taro kuma za ku yanke sauran abubuwan da kan kawo faɗa daga baya. Gurbi nawa ne? In yara biyu suka yi kunnen doki, wa za a ɗauka? Za a keɓe gurbi ɗaya domin 'ya mace? Ni a ganina ya kamata. In mambobinku suna cikin ƙauyuka da makarantunsu ba ɗaya ba ne, kuna iya raba gurabu bisa ga ƙauye, kowane yaro ya yi takara da waɗanda suka sha ruwa ɗaya da shi. National Merit ma haka ta ke yi, tana raba 16,000 ɗin nan ga jihohi bisa ga yawan ɗalibansu, har makin wucewa na wannan jiha ya bambanta da na waccan. Kowace irin doka kuka zaɓa, ku zaɓe ta kafin maki ya fito. Dokar da aka yi bayan an ga maki, ko mai kyau ce, za a ce don wane aka yi ta.

Ƙofa ta biyu ita ce ta baƙo. Ba ku da kuɗin ɗaukar babbar hukuma, ba kwa kuma bukatarta. Hanya mafi sauƙi da na gani ita ce musaya. Ku nemi wata ƙungiya a wata gunduma mai nisa, inda ba ku da auratayya da yawa. Su aiko muku da malamai biyu, ku ma ku aika musu da biyu in lokacinsu ya yi. Tsofaffin malaman da suka yi ritaya sun fi dacewa, suna da lokaci, sun kuma wuce neman a yaba musu. Kada ya zama wanda ya taɓa koyar da ɗaya daga cikin yaran, kada ya zama dangin mamba. Wasu sukan ce a ba Fasto, tun da kowa ya yarda da shi. Ina roƙonku ku bar shi. Iyayen wanda ya ci da iyayen wanda ya faɗi duka a gabansa za su zauna ran Lahadi, kuma shi ne za a nema ya yi sulhu in magana ta tashi. Wanda ya ba da maki ba ya iya yin sulhu a kan makin. In akwai mambobi ko maƙwabta Musulmi da 'ya'yansu ke cikin masu nema, wannan ya ƙara zama tilas.

Malaman nan biyu su rubuta tambayoyi a garinsu, daga manhajar da kowace firamare ke bi, lissafi da Turanci da karatun Hausa, kada su ɗauko daga littafin da makaranta ɗaya ce kaɗai ke da shi. A makarantar horon malamai an koya mana abu ɗaya da ban manta ba: ka rubuta amsoshi da makin kowace tambaya a takarda kafin ka ga aikin ko yaro ɗaya. In ba haka ba, takardar farko mai kyan rubutu ita za ta zama ma'auninka ba ka sani ba. Su zo da tambayoyin a cikin ambulan a liƙe, su buɗe a gaban yara.

Ran jarrabawa, mambobi biyu daga unguwanni dabam su tsaya a ƙofa su shaida kowane yaro, gama an sha turo yaya ya zauna a madadin ƙane. Kowane yaro ya ɗauki lamba daga cikin ƙwarya, ya rubuta lambar a takardarsa, ban da suna. Mutum na uku, wanda ba zai taɓa takardun amsa ba, ya rubuta suna da lamba a takarda ɗaya, a liƙe ta a ambulan, mutum biyu su sa hannu a bakin liƙin. Daga nan mambobi duka su fita, har da shugaba. A duba takardu a ranar, a cikin ɗakin, kada su kwana a gidan kowa. Kowane malami ya ba da nasa maki ba tare da ya ga na ɗan'uwansa ba, sa'an nan su gwada, inda suka bambanta su sake dubawa tare. In sun gama su rubuta lambobi da maki a allo. Sai a kira jama'a, a buɗe ambulan ɗin sunaye a gaban kowa. Har zuwa wannan lokaci ba wanda ya san ko ɗan wa ne lamba 7, har su malaman.

Takardun amsa su zauna a akwatin ƙungiya shekara guda. Uban da bai gamsu ba yana da iko ya zo da wani mai ilmi da ya yarda da shi, su ga takardar ɗansa tare da takardar amsoshi a gaban sakatare, cikin mako biyu. In an sami kuskuren tara maki, a gyara a faɗa a taro, ba abin kunya ba ne. A rubuta sunan na huɗu da na biyar, domin in wanda ya ci bai tafi makaranta ba a san mai bi masa ba sai an sake zama. Kuɗin kuwa ma'aji ya kai makaranta da kansa ya karɓo rasit, kada ya bi ta hannun uba a watan da a ke neman kuɗin taki.

Saura maganar ladan malaman. Ku yanke shi a taron farko, ku sa shi cikin kasafin taimakon tun da wuri, kuɗin mota da abinci da ɗan abin goro. Wani zai ce wannan kuɗi ya isa a saya wa yaro ɗaya littattafai. Gaskiya ne, amma ku gwada shi da hasarar motar takin da na ba ku labari. Ma'aji ya miƙa musu hakkinsu da safe a gaban shaidu, kafin su buɗe ambulan ɗin tambayoyi. Abincinsu kuma a dafa shi a gidan da ba shi da yaro a cikin jarrabawar.